Bikon Maikuɗi da Bokitin Sheƙi

Idan kana neman wanda ya san komai a garin Anka, kada ka wahalar da ƙafarka. Tsaya inda maza ke hira ka ambaci kowace irin sana'a, kafin ka rufe baki Maikuɗi zai ce ya yi ta shekara da shekaru a Kudu. Sunan ne kawai Maikuɗi, aljihun kuwa sai dai Allah ya kyauta. Abin da muka tabbatar shi ne ya taɓa yin dakon kwalaye a ƙofar wani kamfanin tayil, daga can ya dawo gida da hular kwano da baki.

Bakin nan ne ya kore masa mata. Surayya mace ce mai haƙuri, da keken ɗinkinta take rufa wa gidan asiri. Ran nan ta je barka, ta dawo ta iske ya kwance keken kaca-kaca, wai zai haɗa shi da batirin babur ya riƙa ɗinki da kansa. Keke bai ƙara ɗinka ko bakin zane ba. Ta ɗaure kayanta ta shiga mota sai Gummi, gidan uwarta Inna Kulu maginiyar tukwane.

Da fari Maikuɗi ya ce hutu ya ba ta. Da abincin saye ya ishe shi, ɗaki ya yi masa faɗi, sai ya daina wannan maganar. Gaskiya ita ce yana son matarsa, kuma tsoro ya kama shi kada yajin nan ya zarce ya zama rabuwa. Ya lallaɓi abokinsa Halilu ɗan kabu-kabu ya goya shi zuwa biko.

A zauren Inna Kulu ya tuɓe takalmi ya durƙusa, kai a ƙasa. Ita kuwa tana daga bayan ƙyaure, kamar yadda suruka ke yi, muryarta kawai ake ji.

"Inna, na zo a yi mani aikin gafara."

"Keken ɗiyata hwa?"

"Yana nan, ana bincike a kanshi."

"To ita ma tana nan, ana bincike a kanta."

Da mai hankali ne, da ya ci gaba da ban haƙuri. Amma idon Maikuɗi ba ya zama wuri ɗaya. Ya hangi wani bokitin roba da aka tokare ƙyaure da shi, cike da wani abu fari-fari da ya daskare ya tsattsage.

"Inna, mi na wanga?"

Inna Kulu ta ja tsaki. Ta ce bara waccan wasu mutane suka zo daga birni suka tara magina, suka ba kowace bokitin ruwan sheƙi. Wai in ka tsoma tukunya a ciki ka gasa, sai ta fito tana walƙiya kamar tangaran. Suka ce kada a taɓa sai sun dawo sun gina tanderu na musamman. Har yau suna hanya. Murfi ya fashe, rana ta yi aikinta, ruwan sheƙi ya koma dutse.

Maikuɗi ya yi wata 'yar dariya ta manyan ma'aikata. "Ikon Allah. Inna, aikin da na bari a Kudu ke nan. Ni ke tada irin wanga in ya mutu. Turawan kamfanin da kansu sai sun jira ni."

Halilu ya taka masa ƙafa, ya yi kamar bai ji ba.

To, kada a ga laifin tsohuwa. Roba da silba sun kashe mata kasuwa, ranar kasuwar Bukkuyum sai ta wuni tana korar ƙuda. Tukunya mai walƙiya ta daɗe tana yi mata gizo. Ta ce, "In ka tada shi, tukwanena sunka yi sheƙi anka kai su Bukkuyum, ka ɗauki matarka."

Daga can cikin gida aka ji muryar Surayya, ba da ƙarfi ba. "Inna, ki ɓoye turmi."

Suka kinkimo bokiti zuwa gindin darbejiyar ƙofar gida. Halilu ya ƙwanƙwasa abin da yatsa ya ce, "Ni dai gani nike, tunda ruwa ya fita ya bushe, ba ruwan za a mayar ba?"

"Ruwa," in ji Maikuɗi, yana dubansa da tausayi. "Halilu, da ruwa na maganin wanga abu, da wa zai tafi Kudu koyo? Kowace mace ta san ruwa. Kawo fetur."

Aka zuƙe tankin Halilu aka tuttula. Fetur ya kwanta a kan dutse yana kallon Maikuɗi, Maikuɗi yana kallonsa. Jama'a suka fara taruwa, don a Gummi ma ba a ƙin kallo kyauta. Wani dattijo ya matso da sigari a baki yana tambayar mi ake dafawa, kan ka ce kwabo wurin ya watse, har da mai gyaran, wanda aka tsinto a bayan katangar maƙwabta yana cewa gwajin iska ya je yi.

Da fetur ya ƙi, sai ya ce abin tsami yake so. Ya tare Binta mai nono, wata Bafulatana da ke kawo talla unguwar, ya ce ta juye ƙwaryar duka a bokiti.

Binta ta leƙa. "Fura ce wagga?"

"Kimiyya ce."

"To ni dai nonona bai saba da ita ba." Ta juye, ta yi gaba tana waiwaye.

Kafin azahar ƙudan Gummi kaf sun hallara. Dutse ko gezau. Maikuɗi ya aro guduma ya ce yanzu za a shiga mataki na gaba. Bugun farko bokiti ya dare biyu, na biyu ya sami babban yatsansa, ya yi rawa a kan ƙafa ɗaya yana salati. Amma dai dutsen ya farfashe, ya tattara gutsattsarin a buhu ya nufi injin niƙa.

Mata ne a layi da robobin markaɗe. Mai injin, Sufyanu, ya buɗe buhu ya ɗauko gutsure ɗaya, ya juya shi, ya kashe injin. Wurin ya yi tsit.

"Malam, dutse za ka niƙa a inda ake niƙa abinci?"

"Ba dutse ba na, sheƙi na. Ka ga, a kamfani..."

"Ni mutumin Duza na," in ji Sufyanu, a hankali. "Mun ga abin da niƙan dutsen zinare cikin gida ya yi wa ɗiyanmu, gubar dalma ta kashe su. Ban san mi ke cikin abinka ba, kai ma ba ka sani ba. Ɗauki buhunka."

Nan dai babu wanda ya yi dariya. Wata mata ta janye ɗanta ta goya, wata ta ɗaga muciya. Maikuɗi ya sha jinin jikinsa, ya saɓi buhu ya yi ta kansa, matan suna raka shi da baki har kwana. Sai da ya yi nisa sannan ya gaya wa Halilu cewa injin ne ƙarami, shi ya sa ya fasa.

Ya zazzage gutsattsarin a wani rabin duro a bayan gidan ɗan'uwan Halilu, inda suka sauka, ya ce a bar su su huta. Halilu kuwa haushi ya ishe shi, ga tanki ba mai, ga babur duk nono. Ya jawo ruwa ya wanke abinsa a gefen duron, ya watsa sauran ruwan a ciki don ya huce.

Da safe Maikuɗi ya leƙa, sai ya ga dutse ya narke ya zama taɓo mai laushi. Ya dafe ƙirji.

"Ka gani? Fetur ya buɗe shi, nono ya shige shi. Sai da sunka kwana sannan sunka gama."

"Ruwan wankin babur na," in ji Halilu.

"Hassada ba ta da kyau, Halilu."

Yanzu sai maganar kauri. Maikuɗi bai taɓa ganin ruwan sheƙi da ransa ba, saboda haka bai san yadda ya kamata ya kasance ba, amma wa zai gaya wa? Ya ƙara ruwa ya dama da tsohuwar ƙotar fartanya. 'Yan kallo suka dawo, kowa da fatawarsa. Wani ya ce sai ya yi kamar koko. Wani ya ce ina, kunun tsamiya dai. Wani mai gyaran rediyo ya rantse cewa a talabijin ya gani, kamar fura yake in ba a cika nono ba. Maikuɗi ya ce duk sun yi kusa.

Ya tsoma hannu ya ga abin ya yi tsararo, sai ya aika aka sayo garin kuɓewa ya zuba. Ruwan sheƙi ya fara yauƙi, in ya ɗaga ƙota sai ya biyo ta har kafaɗa.

"Saura daddawa," in ji wata tsohuwa daga bayan zana.

Ya ƙara ruwa, ya yi yawa. Ya zuba kanwa, wai ta tsinke yauƙin, ya ƙara wata don ta farko ta sami abokiya. Rabin duro ya cika, aka juye a cikakke. Sai kuma ya tsaya ya ƙura wa abin ido, ya ga launinsa kamar ruwan kwata, babu alamar walƙiya. Nan wata dabara ta faɗo masa. Mi ke sheƙi a duniya in ba kwalba ba? Ya bi bola-bola ya tsinto kwalabe, ya tafi can bayan gari kan fako, don maganar Sufyanu ba ta bar kunnensa ba, ya daka su lilis da dutse ya kawo ya zuba. Abin da aka ba shi a bokiti ɗaya ya zama duro guda, har yana tumbatsa.

Ranar gashi ta zo. A unguwar su Inna Kulu ba a gasa tukwane ɗai-ɗai. Magina kan haɗa kayansu a matoya ɗaya a bayan gari, a jera su a kife, wannan kan wannan, randa a ƙasa, tukwane da tuluna a sama, a rufe da kara da ciyawa da kashin shanu a sa wuta. Kowace ta san zanen da ta yi wa nata, in wuta ta mutu sai ta tsame abinta. Wannan karon su uku ne, Inna Kulu da maƙwabtanta Basira da Mansura, aikin rani guda kowace ta kawo.

Basira ta leƙa duro ta toshe hanci. "Kulu, surukinki na, ke kika jawo. Namu dai kada ya taɓa."

"Ko da ido," in ji Mansura.

Maikuɗi ya ce ba komai, ai ba a yi wa mutum arziki dole. Ya tsoma tukwanen Inna ɗaya bayan ɗaya, suna fitowa suna zarar yauƙi. Aka jera kaya duka. Da aka kira la'asar mata suka koma gida salla, aka bar shi da Halilu da duron da ko rabi bai yi ba.

Ya dubi duro, ya dubi tulin tukwane. Zuciyarsa ta yi fari da alheri.

"Halilu, matan ga jahilci ke damunsu. Gobe in sun ga na Inna suna walƙiya, kuka za su yi. Kama mani."

"Sun ce kada ka taɓa."

"Ba taɓawa zan yi ba, zubawa zan yi."

Halilu ya ce shi ba ruwansa, ya juya baya. Maikuɗi ya yi ta kamfata da ƙwarya yana kwarara wa tulin daga sama har duro ya ƙare, ya yi maza ya lulluɓe da ciyawa. Sannan ya tuna mutanen birni sun yi maganar tanderu, wato abin yana son zafi. Ya cusa buhunan gawayi ta ko'ina, ya kewaye da tsofaffin tayoyi. Da mata suka dawo suka ga tayoyi, ya ce musu haka ake yi a kamfani.

Aka sa wuta. Hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe sama, har mutanen ƙauyukan kusa suka yi ta bugo waya suna tambaya ko lafiya. Wutar da aka saba ta lafa kafin magariba, ranar ta ƙi mutuwa. Inna Kulu ta tsaya daga nesa da hannu a haɓa.

Washegari da hantsi unguwa ta fito kwanta da kwarkwata, don Maikuɗi ya bi gida-gida ya yi gayya. Sagir direba ya kawo motarsa ta ɗaukar kaya zuwa Bukkuyum ya tsaya a gefe. Surayya ma ta fito, tana bayan mata da mayafi. Maikuɗi ya sa hular kwano. Aka share toka da dogayen sanduna.

Wallahi sai ga sheƙi. Kore-kore, baƙi-baƙi, rana na dukansa yana ɗaukar ido. Jama'a suka yi kabbara. Inna Kulu ta rufe baki da gefen zane, har ƙwalla ta taru mata. Maikuɗi ya hau kan duro ya gyara murya.

"Jama'ar Gummi, ba na son yabo. Sunka ce ruwa, na ce a'a. Sunka kore ni daga inji, na yi haƙuri. Ilimi ba a gardama da shi. Inna, bisimilla, ɗauki ta farko."

Inna Kulu ta sa sanda a bakin wata tukunya ta sama ta ɗaga. Tukunya ba ta motsa ba. Ta ƙara ƙarfi. Tulin gaba ɗaya ya yi wani ɗan girgiza, daga randar ƙasa har tulun ƙoli, sannan ya koma ya zauna. Sheƙin ya narke ya bi kowace kafa ya daskare, ya haɗe kayan mata uku ya mayar da su abu ɗaya.

Basira ta zagaya ta durƙusa. "Waccan randata ta. Ga zanena. Wa ya sa mata wanga abu?"

"Kyauta na yi maku," in ji Maikuɗi daga kan duro, murya ta fara sirancewa.

"Tuluna guda nawa ke cikin cikinta," in ji Mansura. "Ta ina zan ɗebi ruwa, ta gindi?"

"Ku kwantar da hankali. Wanga sabon samfuri na. A birni haka masu hali ke saye, a haɗe, kaya ba ya ɓata."

"To ɗauki ka kai masu."

Ya sauko ya ce abu ne mai sauƙi, rabawa kawai za a yi. Ya sa kurfi a tsakanin tukwane biyu ya buga, duka biyun suka fashe, mahaɗin ya tsaya daram. Ya gwada wani wurin, haka. Ya ce to a ɗora a mota haka nan. Maza suka kama, suka yi nishi, suka saki. Sagir ya leƙo ta taga ya ce ko sun ɗaga ba zai ɗauka ba, shi bai san kuɗin motar dodo ba. Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Matan uku ne kawai ba su yi ba, aikin rani guda ne ke tsaye a gabansu ba ya ɗebuwa.

Maikuɗi ya dubi inda Surayya take, ya ga ta sunkuyar da kai. Ya cire hular kwano, ya je gaban surukarsa ya zube a cikin toka. Wannan karon ba cika baki a muryarsa, tsoro ne zalla, don ya ga matar tana fita daga hannunsa.

"Inna, na yi kuskure. Amma don Allah kada ki yanke hukunci. Ba zan gaji da biko ba. Gobe ina nan, jibi ina nan. Na lura katangarku ta tsage, zan gyara. Rijiyar unguwa ma na ga guganta na wahalar da mata, akwai wata dabara. Rufin ɗakin Basira, da injin Sufyanu da ke wata ƙara, duk zan bi su ɗaya-ɗaya kyauta, har ranar da kika huce."

Dariya ta ɗauke. Mutane suka dubi juna. Sufyanu, da ke cikin taron, ya ce a'uzubillahi.

Inna Kulu ta daɗe tana kallon bawan Allan nan, ta san kuma da gaske yake. Ta juya.

"Surayya. Shiga ki ɗauko kayanki."

"Inna, keken..."

"Ki bi mijinki, ɗiyata. Aure haƙuri na."

"Ki taimaki unguwa," in ji Basira, ta riga ta kama hanyar gidan. Mansura ta bi ta. Matan da aka ƙone wa aikin rani su suka ɗaure kayan Surayya da hannunsu, su suka ɗauko a kai. Sagir ya ce zai kai su har Anka, ba ya son ko sisi, in dai yanzu za a tashi. Maza suka cicciɓi babur ɗin Halilu suka ɗora a baya. Ba a taɓa sallamar baƙo da gaggawa irin ta ranar ba.

Mota ta hau titi. Maikuɗi yana gaba a tsakiya, toka har gira, daɗi ya cika shi. Sai da suka wuce Bukkuyum ya sami bakin magana.

"Kin ga yadda unguwa guda ta rako mu? Ba kowane suruki ake yi wa haka ba."

Surayya tana kallon gonaki ta taga. Ba ta juyo ba.

"Malam, Inna ta ba ni saƙo. Ta ce ta yafe maka duniya da lahira. Ta ce kuma ko rasuwarta ka ji, ka aiko da gaisuwa, kada ka zo."